Alamomin Ciwon Ƙwaƙwalwa da Ake Gani a Ido

 

An ba ni lokaci in yi magana a kan ido. Na san da an ce ciwon ido, tunaninmu yakan tafi ga Apolo, ko ƙaiƙayi, ko yanar da ke rufe idon tsofaffi. Yau zan bar waɗannan a gefe. Zan yi magana a kan lokacin da ido ke ba da labarin abin da ke faruwa can cikin kai. Dalilin kawo wannan magana gabanku shi ne, in ciwo ya tashi a gida da tsakar dare, kafin a ga likita ku ake fara bugawa ƙofa. Ku ne kuke cewa a jira gari ya waye, ko kuwa a nemo mota yanzu. Wani lokaci ran mutum ko ganinsa yana rataye a kan wannan shawara taku.

YADDA IDO YA HAƊU DA ƘWAƘWALWA

Tun jariri yana cikin mahaifa, ido daga jikin ƙwaƙwalwa yake tsirowa. A bayan kowane ido akwai wata jijiya da ta wuce kai tsaye zuwa cikin kai, ita ce jijiyar gani. Kaurinta bai kai na fensir ba, amma a cikinta akwai ƙananan zare fiye da miliyan ɗaya. Ido yana ɗaukar hoto ne kawai. Jijiyar nan ce ke kai shi can ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ke gane abin da aka gani. Ban da ita, akwai wasu jijiyoyi uku da ke juya ido dama da hagu, sama da ƙasa. Ɗaya daga cikinsu ita ce ke ɗaga fatar ido, ita ce kuma ke tsuke ƙwayar ido. In jini ya taru a cikin kai, ko ƙari ya fito, ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, waɗannan jijiyoyi sukan matsu, sai alama ta bayyana a ido.

Abu ɗaya nake so kowa ya riƙe. Yanar ido ana cire ta a asibiti mutum ya koma gani, ko da ya shekara biyar a duhu. Jijiyar gani kuwa in ta mutu, har yau ba a sami maganin da ke tashe ta ba, ko a Ingila ko a Amurka. Abin da likita ke iya yi shi ne ya ceci abin da ya saura. Shi ya sa lokaci yake da tsada a wannan ciwo.

DUBA IDO DA TOCILA

In na ce ƙwayar ido, ina nufin ɗan baƙin ɗigon nan da ke tsakiyar ido. Ƙofa ce da haske ke shiga. A rana takan tsuke, a duhu ta buɗe. Duba ta ba ya bukatar kome sai tocila, ko ta wayar hannu ma ta isa. A shiga ɗaki mai ɗan duhu, a ce wa mutum ya dubi nesa, a kawo hasken daga gefe a haska ido ɗaya. A mai lafiya ƙwayar za ta tsuke nan take, ta ɗayan idon ma za ta tsuke tare da ita ko da ba a haska ta ba. Sai a koma ɗaya idon a yi haka.

Tambayoyi biyu za ku yi wa kanku. Girmansu ɗaya ne? Suna tsukewa in haske ya taɓa su? Ku sani, kamar mutum ɗaya cikin biyar haka aka haife shi, ƙwaya ɗaya ta ɗan fi ɗaya kaɗan, kuma ba ciwo ba ne. Wanda aka ɗiga wa maganin buɗe ido a asibiti, ko wanda ya taɓa jin rauni a idon, shi ma tasa ba za ta zo daidai ba. Abin tsoro shi ne bambancin da ya zo sabo, a jikin wanda ba shi da lafiya.

IN ƘWAYA ƊAYA TA BUƊE BAYAN BUGUWA A KAI

Wannan ita ce ta fi gaggawa. Saurayi ya faɗi a babur ba hular kwano, ko yaro ya faɗo daga bisan mangwaro, ko an bugi mutum da sanda a kai. Ya ɗan suma, ya farfaɗo, ya tashi da ƙafarsa, har ya ci tuwo. Kowa ya ce an auna arziki. Bayan awa uku ko huɗu sai ciwon kai ya tsananta, ya fara amai, barci ya rinjaye shi. Abin da ya faru shi ne wata jijiyar jini ta tsage a ƙarƙashin ƙoƙon kai, jini yana taruwa a hankali yana danne ƙwaƙwalwa. In aka haska idonsa aka ga ƙwaya ɗaya ta buɗe ƙwarai, ba ta kuma tsukewa, to, dannewar ta yi nisa. Aikin tiyata na cire jinin yana ceton rai in an yi shi da wuri.

Amma kada ku zauna jiran ƙwayar ta buɗe, gama alama ce ta ƙarshe-ƙarshe. Duk wanda ya bugu a kai har ya suma, a kai shi asibiti ko da ya ce ya warke. In an sallame shi, kada a bar shi ya kwana shi kaɗai a daren farko. A riƙa tada shi ana yi masa magana. In ya yi amai fiye da sau ɗaya, ko ya rikice, ko ya yi wuyar tashi, a koma ba tare da ɓata lokaci ba.

IN DUKA BIYU SUN TSUKE, KO DUKA SUN BUƊE

Mu manoma ne, maganin feshi yana cikin kusan kowane gida, haka ma piya-piya da ake zubawa domin sauro da ƙwari. In yaro ya sha, ko mai feshi ya jiƙe da shi a gona, ƙwayoyin ido biyu sukan tsuke su koma kamar kan allura. Tare da haka za a ga yawu yana dalala, zufa tana keto masa, ga amai da zawo, ƙirji yana ƙara. A cire masa tufafin, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a kwantar da shi a gefensa, a tafi asibiti da kwalbar maganin a hannu domin likita ya san irin gubar. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada kuma a tilasta masa amai, domin yana iya shaƙewa abin ya tafi huhu. Akwai allurar da ke karya wannan guba, kuma tana aiki in an zo da wuri. Matashin da ya sha kodin da danginsa fiye da kima shi ma ƙwayarsa takan tsuke haka, sai dai shi numfashinsa ne ke yin ƙasa, ya yi barcin da ba ya jin kira. Kada a ce a bar shi ya huce.

Akwai kuma kishiyar wannan. Wanda ya sha zaƙami, ko aka zuba masa a abin sha a wurin biki, ƙwayoyinsa biyu sukan buɗe sosai. Bakinsa ya bushe, jikinsa ya yi zafi ba zufa, ya riƙa sambatu yana kama abin da ba kowa ke gani ba. Sau da yawa akan ce iska ce ta buge shi, a ɗaure shi a ɗaki. Guba ce, kuma wurin ma'aikatan lafiya ya kamata a kai shi.

FATAR IDO DA TA SAUKO, DA GANI BIYU-BIYU

Yaron da aka haifa da harara-garke yana bukatar ganin likitan ido, amma ba abin tashi da dare ba ne. Wanda idonsa lafiya lau jiya, yau kuma ya karkace, ko yana ganin mutum ɗaya kamar biyu, ko fatar ido ɗaya ta sauko ta ƙi ɗaguwa, wannan wata jijiya ce ta sami matsala a cikin kai. A wurin manya sau da yawa ciwon suga ko hawan jini ne sanadi, kuma yakan warware cikin 'yan watanni in an kula da ciwon. Amma in fatar ta sauko tare da ciwon kai mai tsanani, ƙwayar idon kuma ta buɗe, ana tsoron jijiyar jini ce ta kumbura tana shirin fashewa. Ba a kwana da wannan. Haka kuma wanda maciji irin gamsheƙa ya sara, in fatar idonsa ta fara nauyi kamar mai jin barci, dafin ya kama jijiyoyi ke nan, abin da zai biyo baya shi ne wahalar haɗiya da ta numfashi.

Sai sanƙarau, wanda ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Dattawa suna tuna shekarar 1996, lokacin da fiye da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu, yawancinsu a nan arewa. Ya sake tashi daga Zamfara a ƙarshen 2016, ya shiga 2017, Katsina tana cikin jihohin da ya fi taɓawa. A wannan karo an ƙirga fiye da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu. Zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya kowa ya san su. Ku ƙara da ido: mara lafiya yana gudun haske, ko idonsa ya karkace. Jariri ba lalle wuyansa ya sanƙare ba. Shi maɗigarsa ce ke kumbura, ya ƙi nono, ya kafe ido wuri ɗaya. Daga cikin waɗanda suka tsira akwai waɗanda ciwon ya bari da kurumta ko makanta, kuma jinkirin fara allura yana ƙara wannan hatsari. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kare mutum daga iri biyar na ƙwayar sanƙarau. In masu rigakafi sun zo, ku fito da yara.

Iyaye mata, ga taku. Jaririn da kansa ke girma fiye da kima, idanunsa kuma suna kallon ƙasa har farin ido ya fito a sama da baƙin, ruwa ne ya taru a cikin kansa. Yakan biyo bayan sanƙarau, wani kuma da shi ake haifarsa. Ana yin aikinsa a manyan asibitocin koyarwa, kuma gwargwadon saurin zuwa, gwargwadon abin da za a ceta.

Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga wani irin bala'i a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum ana daka dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana ɗauke da gubar dalma. Yara aƙalla 400 suka mutu da jijjiga da kumburin ƙwaƙwalwa, wasu da suka rayu suka rasa ganinsu ko da yake idon nasu garau yake in ka dube shi. Tun da haƙar zinariya ta yaɗu a wannan yanki, duk mai wannan sana'a kada ya kawo dutse ko kayan aikinsa inda yara ke wasa.

CIWON JIJIYAR GANI

Mafi yawan ciwon da ke cin jijiyar gani a ƙasar nan shi ne hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilakoma. Ruwan da ke cikin ido ne ba ya fita yadda ya kamata, sai ya riƙa danne jijiyar tana mutuwa zare bayan zare. Irin wanda ya fi yawa a cikinmu ba ya zafi, ba ya sa ido ja. Daga gefe yake fara ci, mutum yana ganin gabansa sarai, sai dai ya riƙa tuntuɓe, yana cin karo da bakin ƙofa. Kafin ya farga, ido ɗaya ya tafi.

Tsakanin 2005 da 2007 an yi babban binciken makanta a duk faɗin Najeriya, aka duba mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. An tarar kimanin mutum 4 cikin 100 makafi ne. Yanar ido ce ta zo ta farko da kashi 43 cikin 100 na makantar, gilakoma ta biyo da kusan kashi 17. Binciken ya kuma nuna mutum 5 cikin 100 na masu waɗannan shekaru suna da gilakoma, kuma fiye da 9 cikin 10 ɗinsu ba su san suna da ita ba. Ciwon yana bin jini. In mahaifinka ko 'yar'uwarka sun makance ba yana a idonsu, je a auna naka. Maganin ɗigawa ko aikin tiyata yana tsai da ciwon, amma ba ya maido da abin da ya tafi, saboda haka kada wani ya bar magani wai don bai ga ƙarin gani ba. Ku kuma yi hankali da maganin ƙaiƙayin ido da ake saya a kemis ana ɗiga wa yara wata da watanni. Wasu irinsa suna kawo wannan ciwo.

Jijiyar gani takan kuma kumbura in wani abu yana cika kai, kamar ƙari. Mai wannan yakan tashi da ciwon kai da asuba, ya yi amai, in ya sunkuya ko ya miƙe ganinsa ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo. Likita yana da 'yar fitilar da yake leƙa cikin ido da ita ya ga kan jijiyar ƙuru-ƙuru. Wani Bajamushe mai suna Helmholtz ne ya fito da ita a 1851. Ciwon kan da ya wuce mako biyu yana ƙaruwa, ku roƙa a leƙa idon, kada a tsaya ga Panadol.

Akwai kuma abubuwan da muke sha. Ɗaya daga cikin magunguna huɗu da ake fara wa mai tarin tibi yana iya taɓa jijiyar gani a wasu mutane kaɗan. Alamar farko ita ce launi ya dushe, ja da kore su rikice. Wanda ya ga haka ya koma wurin da ake ba shi maganin a ranar, su za su san abin da za su canza. Kada ya yanke wa kansa shawarar barin magani. Barasar da ake dafawa a ɓoye irin ogogoro wani lokaci takan zo da guba mai ƙone jijiyar gani cikin kwana ɗaya ko biyu. A watan Afrilu na 2015, a garin Ode-Irele na jihar Ondo, mutum aƙalla 18 suka mutu ta haka, kuma ɗaukewar gani farat ɗaya tana cikin alamomin da aka gani a jikinsu.

Biyu suka rage. Mace mai ciki da ya wuce wata biyar, in ta ce tana ganin hazo ko walƙiya, ga ciwon kai, ga kumburin fuska da hannu, jininta ne ya hau, jijjiga tana tafe. A kai ta a ranar. Sai dattijon da ido ɗaya ya yi masa duhu na 'yan mintoci ya washe, ko wanda ya daina ganin duk abin da ke gefe guda. Wannan gargaɗin shanyewar ɓarin jiki ne, ko kuwa ta riga ta fara.

ABIN DA ZA MU YI

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ga abin da nake roƙo.

Na ɗaya, kowane wata ka rufe ido ɗaya da tafin hannu ka dubi nesa, sa'an nan ka rufe ɗayan. Ka dubi wani jan abu, kamar murfin kwalba, da kowane ido. In ɗaya yana ganinsa a koɗe, je a duba ka. Mutane da yawa ba su san ido ɗaya ya mutu ba sai ranar da wani abu ya faɗa a mai lafiyar.

Na biyu, duk wanda ya kai shekara 40 a auna masa hawan jini da suga, a kuma auna idonsa ko da ba ya jin kome.

Na uku, kada a bar masu yawo gari-gari suna soke ido da allura su taɓa kowa. Ko yana ce, aikinsu yakan ɓata idon. In kuwa jijiya ce, an yi hasarar kuɗi da ido a banza. Kada a zuba fitsari, ko ruwan batir, ko ruwan ganye a ido.

Na huɗu, mu san inda za mu. Abin gaggawa a fara da babban asibiti mafi kusa, Ƙanƙara, ko Malumfashi, ko Funtuwa, su ne za su tura gaba. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Shika, a kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya, akwai kuma asibitin koyarwa na tarayya a Katsina da na Aminu Kano a Kano. Domin ido kansa akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano, wanda ke aiki tun 1943.

Na biyar, ku dattawa. Kowa ya san abin da rashin tsaro ya yi wa hanyoyinmu a shekarun nan, fita da dare ba abin wasa ba ne. Saboda haka shawarar da za a yanke da la'asar kada a bar ta sai tsakar dare. In kun ga alama tun da sauran rana, ku tashi tun da sauran rana. Kowace ikilisiya ta san mai motar da za a kira, ta ajiye lambarsa, ta kuma ware ɗan kuɗi a asusu domin mai da katin asibiti, gama sau da yawa neman rance ne ke cinye awoyin da ake bukata. In kun je, ku gaya wa likita lokacin da abin ya fara, da abin da kuka gani a idon, da duk abin da mara lafiya ya sha. Wanda kuma ganinsa ya riga ya tafi, kada a bar shi a ƙuryar ɗaki. A ci gaba da kai shi asibiti domin ɗaya idon, a kuma duba 'ya'yansa da 'yan'uwansa.

 Allah ya ƙara mana lafiya, ya kai kowa gidansa lafiya. Amin.